Tsamiyar Soso

Litinin, 6 ga Maris

Sun sake dawowa, masu hular kwano da na'urarsu mai ƙafa uku. Yau har bakin shagona suka kafa ta. Ɗaya ya manna ido yana leƙe, ɗayan ya tsaya can bakin kwata riƙe da doguwar sanda. Na fito da almakashi a hannu na ce lafiya dai? Ya ce awo suke yi. Na ce ni ma sana'ata awo ce, amma sai na tambayi mutum nake ɗora masa tef. Ya yi dariya ya koma leƙensa.

Da na koma ciki na yanka hannun riga, ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Rabona da irin wannan shirme tun ina koyon ɗinki.

Baba na cikin gida. Amma ya ji su, na sani. Tun da idonsa ya tafi babu abin da ke wuce kunnensa.

Talata, 7 ga Maris

Na ajiye ɗinki na tsaya a ƙofa ina kallon Baba yana tafiya wajen Mai aski, sai ka ce yau na fara gani. Bari in rubuta yadda yake yi, ban ma san dalili ba.

Yana fita sai ya ɗora hannun hagu a bangonmu. Ya bi shi har ya ƙare, ya kama na maƙwabciyarmu Rediyo (sunan da layi ya sa mata ke nan, kuma ta ci sunanta). A tsakiyar bangonta akwai inda siminti ya ɓare. Da zarar yatsunsa sun taɓa wurin sai ya saki bango, ya juya dama, ya taka katakon da ke kan kwata. Daga nan saiwoyin tsamiya ne ke gaya wa ƙafarsa sauran. Benci na gindinta, Mai aski ya bar masa gefen da babu ƙusa. Can yake wuni, ana gardamar ƙwallo da tsadar mai, shi ne alƙali.

Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa bas, babu lungun garin nan da bai sani ba. Yanzu wannan 'yar tafiyar ce kaɗai yake yi da kansa. Sanda ya ƙi. Hannuna ma ya ƙi. Ranar da na gwada riƙe shi cewa ya yi, "Uwata, hanya ɗaya ta rage mini, kada ki zame mini kwandasta a kanta."

Alhamis, 9 ga Maris

Taro a filin makaranta. Wani mai kwat ya riƙe lasifika ya yi ta zuba: sabunta birni, sake fasali, ingantaccen muhalli, ci gaba mai ɗorewa. Kowace kalma na san ta, amma da ya haɗa su ban tsinci komai ba. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce ita tambayarta ɗaya ce, ɗakinta zai tsaya ko ba zai tsaya ba? Ya ce wannan tambaya ce mai muhimmanci. Ya ce akwai samfurin sabuwar unguwa a ofishinsu, kowa na iya zuwa ya gani. Aka tafa. Har da ni. Don Allah me na tafa wa?

A hanyar dawowa kowa da abin da ya ji. Mai aski ya ji za a gyara kwata a sa fitilu. Rediyo ta ji gidajen da suka tsufa a ido ne kawai za a rushe, wanda ya yi kyau za a bar shi. Wani ya rantse asibiti za a gina mana. Taro ɗaya muka je fa.

Asabar, 11 ga Maris

Rediyo ta sayo fenti. Shuɗi. Gida uku sun bi ta.

Lahadi, 12 ga Maris



Ashe ba fenti kawai ta yi ba, har da yaɓe. Ta sa an toshe inda simintin ya ɓare, bango ya koma sumul. Baba ya fita da safe yadda ya saba, yana shafawa yana neman wurinsa, bai samu ba. Ya yi ta tafiya har bango ya ƙare masa a hannu, ya juya a inda babu katako. Ƙafa ɗaya ta faɗa kwata har gwiwa. Mai aski ne ya rugo ya ciro shi.

Ba ciwon ne ya dame ni ba, 'yar ƙujewa ce. Fuskarsa ce. Yana tsaye ruwan kwata na ɗiga daga wandonsa yana cewa, "Ina ne nan?" A ƙofar gidansa fa.

Na wanke Rediyo tas, ban rage mata komai ba, har da abin da bai shafi bango ba. Ta yi tsuru-tsuru, yau rediyo babu batir. Da yamma na ji ana ƙarce wani abu, na leƙa, sai ga ta da ƙatuwar ƙusa tana kankare sabon fentinta daidai tsayin hannun Baba. Ban yi mata magana ba. Ita ma ba ta waiwayo ba.

Idan toshe rami ɗaya a bango ya isa ya ɓatar da shi, to ina ga an ce... Ba zan ƙarasa ba.

Talata, 14 ga Maris

Na rufe shago na tafi ofishin.

Samfurin yana cikin akwatin gilashi, ya kai girman teburin yanka biyu. Fararen benaye na kwali, titi mai faɗi ya ratsa tsakiya, 'yan motoci, 'yan mutane kamar ƙwayar shinkafa. Mutane na zagaye shi shiru, kowa na neman gidansa yana jin kunyar tambaya. Ni ma na yi ta zagayawa. Kasuwarmu babu. Famfo babu. Babban tankin ruwa na gari ne kaɗai na gane, yana nan da ƙafafunsa huɗu.

Sai na gan ta. Bishiya ɗaya a kan kwana, kanta a dunƙule, ta ɗan karkata hagu. Tsamiyarmu ma hagu ta karkata, kowa ya sani, tun iskar da ta kwashe mana kwano. A bayanta kuma 'yan gine-gine gajeru a jere, ba benaye ba. Gabana ya faɗi, irin faɗuwar daɗi.

Ban yarda da ido kawai ba. Na ciro tef daga jaka na ɗora a kan gilashin, daga tanki zuwa bishiyar, daga bishiyar zuwa bakin titi. Ai aikina ne, kullum ina mayar da awon rigar yarinya ya zama na babba. Na lissafa a kai, ya zo kusan daidai. Titin ta bayanmu zai wuce. 'Yan ƙasan layi ne zai ci, Allah ya ba su haƙuri, mu muna nan.

Wata ma'aikaciya mai tabarau ta gan ni da tef, ta yi murmushi ta ce, "Ya yi kyau ko?" Na ce ya yi kyau ƙwarai.

Da na dawo na ce Baba, tsamiya na nan, gidanmu na nan. Ya ce, "Kin gan ta?" Na ce da idona. Ya ce, "To ai shi ke nan, ni ba ni da wanda zan yi musu da shi." Ya ci abinci har ya nemi ƙari.

Laraba, 15 ga Maris

Shago ya cika, ba da masu ɗinki ba. Na zana musu da alli a kan teburin yanka, ga tanki, ga tsamiya, ga titi. Mai aski ya ce, "Tela ta auna, magana ta ƙare." Rediyo ta ce ai dama fentinta ne ya cece mu, na ƙyale ta.

Gaskiya na ji daɗi. Mai kwat ya kasa faɗa, ni na faɗa a cikin zane ɗaya. Kaina ya ɗan kumbura, tunda babu mai karanta wannan sai ni.

Lahadi, 19 ga Maris

Yaya ya zo, da fuskarsa ta mai labari. Ya ce an gama benayen bayan tasha, an buɗe zaɓen ɗakuna ga 'yan unguwarmu. Tsofaffi da marasa lafiya su ake ba hawa na ƙasa, amma sai wanda ya riga zuwa. Ya ce in kai Baba gobe-goben nan.

Na ce wannan na 'yan ƙasan layi ne, mu titi bai taɓa mu ba. Na ɗauko alli. Bai ko kalli teburin ba, ya ce, "Ke da masu aikin wa ya fi sanin inda titi zai bi?" Na ce su dai sun fi ni sani, amma na fi wanda ke leƙo mu sau ɗaya a wata. Maganar ba ta yi kyau ba, na sani, amma ta riga ta fita. Ya ce zaɓen ɗaki ba ya hana gida tsayawa, in je in zaɓa ko don ko-ta-kwana. Ni kuwa a ganina duk wanda ya je ya zaɓa, ya ce musu ya yarda a rushe ke nan. Na ce ƙafata ba za ta taka benayen nan ba, ya rubuta ya ajiye.

Ya juya wajen Baba ya ce, "Baba, kai me ka gani?" Baba ya yi dariyar tambayar, sannan ya ce, "Uwata ta gani da idonta."

Yaya ya tafi bai sha shayinsa ba. Da ma Baba wata magana ya yi, ba wannan ba. Ta zauna mini a ƙirji.

Alhamis, 23 ga Maris

An fara sa jan fenti a bangon 'yan ƙasan layi. Daidai yadda na zana. Na ji tausayinsu, na kuma ji sanyi, Allah ya yafe mini.

Litinin, 27 ga Maris

Jan fentin ya hauro.

Gida bayan gida, ba su tsallake ko ɗaya ba. A kan shuɗin Rediyo ya fi fitowa. Namu a gefen taga. Har jikin tsamiya suka shafa.

Mutane suka taru a ƙofar shago suna kallona. Na ce wataƙila alamar ƙirga ce, don su san gidajen da suka riga suka auna. Aka ce haka ne, haka ne, aka watse. Ni da na faɗa ban ji muryata ta gamsar da ni ba.

Laraba, 29 ga Maris

Na kasa zama a kan keken ɗinki. In taka kaɗan in tashi, in leƙa waje, in dawo. Wuyan riga ɗaya na farke shi har yadin ya fara gajiya.

Na sake lissafin nan ya fi a ƙirga. Kusan daidai. Kusan. Ni da nake cewa masu koyo babu kusan a awo, ko riga ta shiga ko ba ta shiga ba.

Ofishin ba nisa. Bas ɗaya ne. Me ya hana ni komawa in buɗe baki in tambaya? Na san abin da ya hana ni.

Jumma'a, 31 ga Maris

Baba ya dawo daga benci da wuri. Ya ce ya shafa jikin tsamiya ya ji wani wuri da santsi, ya tambayi Mai aski wane launi ne, Mai aski ya hau tari.  Ya zauna ya cire takalmi, ya jera su yadda yake yi.

Can ya ce, "Uwata, ki kai ni in ga tsamiyar nan taki."

Na ce a cikin gilashi take, Baba. Ya ce gilashi ai murfi ne, murfi kuwa buɗe shi ake yi.

Litinin, 3 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

A bas ya zauna kusa da taga, yana kiran kwanoni kafin a kai, yadda yake yi da. "Yanzu zai sha hagu wajen gidan mai." Direba ya miƙe. "To yanzu gada." Babu gada, an cike wurin tun tuni. Ya gwada sau ɗaya kuma, bai dace ba, sai ya yi shiru ya ɗora hannu a gwiwa har muka sauka. Yau ya bar ni na riƙe shi.

Ma'aikaciyar nan mai tabarau ce muka tarar. Na yi mata bayani ina in-ina. Ta kalli Baba, ta kalli ƙofa, sannan ta kira masinja suka ɗaga gilashin su biyu. Ta ce, "Baba, a hankali, gam ɗin ba shi da ƙarfi."

Na ɗora yatsansa a kan bishiyar. Ya shafa ta, ya ɗan matsa. Ya ce, "Soso ne." Ya zarce da hannu bakin titi, ya sami wata, ya matsa. Ya sami wata. Ni da ido ban kula da su ba, tawa kawai na gani, amma ga su nan birjik har ƙarshen akwati. Ya ce, "Uwata, tsamiyarki tana da 'yan'uwa da yawa, kuma duk kansu ɗaya."

Na ce amma wannan ta karkata. Muryata har ta tashi. Ma'aikaciyar ta sunkuya ta duba, ta sa ɗan yatsa ta miƙar da ita. Ta ce ranar da aka shigo da akwatin ne aka buge ta. Ta ce mai haɗa musu samfurin shi ke sa bishiyoyi duk inda ya ga fili, don abin ya yi kyau a ido, ba wai akwai su a wurin ba ne. 'Yan gine-ginen bayanta kuma rumfunan jiran bas ne da za a yi.

Na ce to ina layinmu?

Ta tambayi lambar gidan, ta duba wani zane a bango, ta dawo ta ɗora yatsa a tsakiyar titin, inda aka ja farin layi. Babu komai a wurin sai wata 'yar jar mota.

Ta ce ta tuna ni, ta ga ina awo ranar nan, ta ɗauka sha'awa ce. Ta ce da ta sani da ta tambaye ni. Ni ma da na sani da na tambaye ta. Mu biyu muka tsaya muna ba juna haƙuri a kan kwali.

Baba bai daina shafawa ba. Ya bi titin da yatsa tun daga farko har ƙarshe, ya ce, "Titi ne mai kyau. Da ina tuƙi da na ji daɗinsa." Sannan ya ce, "'Yata, a sabon wurin, akwai inda mutum zai fita ya zauna da mutane?" Ta ce akwai fili a ƙasa. Ya ce, "A ƙasa."

Na tambayi hawa na ƙasa. Ya ƙare tun makon jiya. Na biyu ma ya ƙare. Hawa na uku ya rage, shi muka karɓa.

A hanyar dawowa bai kira kwana ko ɗaya ba.

Talata, 4 ga Afrilu

Na goge allin teburin.

Alhamis, 6 ga Afrilu

Na bi gida-gida na gaya musu, tunda ni na zana. Na shirya wa zagi, da an zage ni da na fi samun sauƙi. Mai aski ya ajiye almakashi ya ce, "Ai ba ke kika ruɗe mu ba, Tela. Abin da muke so mu ji kika faɗa." Shi hawa na huɗu ya samu, da ciwon bayansa.

Sai Rediyo. Ina cikin yi mata bayani na ga tana kallon ƙasa. Ashe ta je tun ranar da aka buɗe, a ɓoye, ta nuna musu gwiwoyinta aka ba ta hawa na ƙasa. A benenmu ma. Tana fenti da hannu ɗaya tana zaɓen ɗaki da ɗayan! Matar da ko kazar wani ta yi ƙwai sai ta sanar da layi, wannan ta iya riƙe shi a ciki. Na ce me ya sa ba ki faɗa ba? Ta ce, "Tsoron bakinki na ji. Kin ce duk wanda ya je ya sayar da layi."

Na faɗa kuwa. Raina ya ɓaci da ita, kuma na rasa inda zan ajiye ɓacin ran.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Yaya ya zo da kwalaye a bayan mota. Bai ce ai na gaya miki ba. Ya jera su a zaure, ya sha shayinsa har ƙasa, ya ce in na shirya zuwa ganin ɗakin in kira shi. Na ce ba na buƙatar gani, ranar tashi na gani.

Litinin, 17 ga Afrilu

Katafila ta fara daga ƙasan layi. Ƙarar tana shigowa ta ƙafar keke, allura har rawa take yi. Ina tashi in zauna, in naɗe yadi in warware. Ban ɗaure kwali ko ɗaya ba.

Baba yanzu sau biyu yake zuwa benci, safe da yamma. A hankali yake tafiya, yana daɗewa a wurin da Rediyo ta ƙarce.

Asabar, 22 ga Afrilu

Rediyo ta tashi yau. Na tsaya a ƙofa ina kallon ana loda kayanta, maganar tana bakina. Kwana da kwanaki ina juya ta: ki ba mu ƙasa, ki karɓi sama. Ta zo sallama tana jan ƙafa, ta dafa ƙofar shago kafin ta iya hawa dakalin nan da bai kai taƙi ɗaya ba. Na kalli gwiwoyin, sun kumbura da gaske, ba na nuna wa ofis ba ne.

Ta ce, "Na san abin da kike so ki ce. Wallahi da zan iya hawa..." Na ce ban ce komai ba. Ta ce Mai aski ya roƙe ta zai ajiye bencinsa a ƙarƙashin tagarta, ta ce masa to, in dai ba za a cika ta da gardamar ƙwallo ba. Na ce Allah ya sa alheri. A bushe na faɗa.

Laraba, 26 ga Afrilu

Baba ya ce in mun koma bene, in zan fita in riƙa kulle shi ta waje, kada ya faɗo wa mutane a ka. Yana dariya ya faɗa. Sannan ya ce takalminsa na fita, mai kyaun nan, in ba Mai aski, ƙafarsu ɗaya, silifas ya ishe shi a ɗaki.

Na ce ba zan bayar ba. Ya ce to me zai yi da shi? Na shiga shago na taka keke babu zare, don kada ya ji ni.

Ni na jawo masa wannan. Da tef ɗina.

Asabar, 29 ga Afrilu

Kai ɗinki na je bayan tasha, wata mai riga ce ta koma can. Ba don komai na je ba. Tunda na riga na iso, kuma makullin sabon ɗakin na jakata, sai na ce bari in ga ko taga na rufuwa.

Tana rufuwa. Ɗakin ba laifi, akwai haske, ba zan ce fiye da haka ba.

Da zan fito babu kowa a matakala. Ban san abin da ya shiga kaina ba, na rufe ido. Na ɗora hannu a bango. Akwai ƙarfen riƙo tun daga sama har ƙasa, sai dai a kowane hawa yana yankewa, mutum ya yi 'yar tafiya hannu a iska kafin ya sake kama shi. A nan na buge ƙauri, har yanzu zafi yake. Kuma hawan duk iri ɗaya ne, ba ka sanin inda kake. Akwai ƙyallaye a jakata, kullum akwai. Na ɗaura karan-miski a ƙarshen ƙarfen hawanmu, leshi mai kaushi a na biyu, igiyar buhu a na ƙarshe. Don kawai suna cika mini jaka ne. Na koma sama na sake saukowa, ido a rufe. Na sake. Wata yarinya ta tarar da ni ta ce, "Anti, lafiya?" Na ce jiri nake ji.

A ƙasa bango ya ci gaba ta waje, sabon siminti, sumul, babu abin da hannu zai kama. Na bi shi ina cewa a raina nan ne zai ɓace, nan ne ba zai yiwu ba. Sai yatsuna suka faɗa wani wuri mai kaushi. Na buɗe ido. An ƙarce fentin da ƙusa, faɗin tafin hannu, daidai tsayin da na sani. Taga na sama da shi, labule shuɗi. Benci bai iso ba tukuna, amma an share wurin.

Ban ƙwanƙwasa wa Rediyo ba. Wataƙila gobe, in na sake kai wani ɗinkin.

Da na dawo ban gaya wa Baba komai ba. Na miƙa masa ruwa, ya riƙe hannuna maimakon kofin, ya kai hanci ya shinshina yatsuna. Ya saki. Ya sha ruwansa a hankali, ya tambaye ni ko mai rigar ta ji daɗin ɗinkin, na ce ta ji. Na juya zan fita ya ce, "Ƙarfen nan, in ana saukowa, hagu yake ko dama?"

Na ce hagu.

Takalmin na nan a inda ya jera shi. Na goge shi, ƙura ce ta yi masa yawa.